Waken Gambo a Cikin Dawar Barnaba

Duk wanda ya saba bin hanyar Furana da safe ya san kaskon Gambo. Gajeriyar mata ce mai ƙatuwar murya, wadda in ɗan acaɓa ya kai hannu cikin ƙosanta kafin ta ba shi, sai ya ji matsami a bayan hannunsa. Sunanta na baftisma Hefziba, amma ko faston da ya zaɓa mata shi sai ya yi shiri kafin ya faɗa, saboda haka kowa ya tsaya a kan Gambo, sunan da ta samu don ta biyo tagwaye. Tun tana amarya take suya a gindin ɗorawar bakin hanya, Musulmi da Kirista kowa na ci, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce ƙosanta ya sha mai ba. In aka yaba hannunta sai ta ce ba hannu ba ne, wake ne.

Gaskiya ta faɗa kuwa. Waken nan ba na kasuwa ba ne. Kanannado ne, amma wani iri na gidansu can Gubuchi, fari fat mai ɗan baƙin ido, wanda in an markaɗa aka buga ƙullun sai ya tashi kamar kumfar sabulu. Kakarta ta ba uwarta. Uwarta kuma ta cika mata gora guda da shi, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta sa cikin kayan ɗakinta ranar da za a kai ta gidan miji. 'Yan'uwanta tuni suka koma wa irin zamani mai saurin nuna, suka bar na gida ya ɓace, har ya zama a hannun Gambo kaɗai ya rage. Mata sun sha roƙonta, ita kuwa rowa take yi da shi ƙiri-ƙiri, ko ƙwaya ba ta bayarwa, sai ta ce kowacce ta je ta nemi na uwarta. Wannan rowar ta yi kuka a kanta daga baya.

Mijinta Barnaba dogo ne, ba ya son yawan magana. A gidan Maguzawa aka haife shi, inda ubansa ke da tsafi a bayan rumbu, da dokoki birjik: ba a cin wannan, ba a tsallake wancan, ba a shiga gona rana kaza. A gidan nan in yaro ya kwanta da zazzaɓi ba a tambayar me ya kama shi, sai dai a tambayi wa ya karya doka. Cikin wannan fargabar Barnaba ya girma. Da ya karɓi bishara yana saurayi, labari ɗaya yake bayarwa har mutane suka haddace. Wai ranar da aka yi masa baftisma ya nemi naman damo, wanda shi ne babban haramun gidansu, ya ci ya ƙoshi, ya kwanta yana jiran mutuwa. Gari ya waye yana nan garau.

"Ranar na san an sake ni," in ji shi.

Gonarsu ɗaya ce, ba ta da wani girma. In ruwa ya zauna Barnaba ya shuka dawarsa, kaura irin ta ubansa. In dawa ta kai gwiwa, an yi maimai, sai Gambo ta biyo da gorarta ta shuka wake a tsakani, yadda kowa ke yi daga Ikara har Makarfi tun kaka da kakanni. Dawa ta ba su tuwo da koko, wake ya ba su ƙosai, harawa kuma ta awaki. Da haka suka raini 'yarsu tilo Bernice har suka aurar da ita Kudan. Kullum safe kaskon farko na maigida ne. In ta ɗan makara wajen masu saye, sai ta jiyo shi daga zaure da kwanon koko a hannu: "Gambo, ina ƙosan?" Wata ranar ma maganar da zai yi ke nan har azahar.

To, kakar bara Barnaba na cikin ɗaure dami sai ya faɗi. Aka kwashe shi sai asibiti a Zariya, aka ce hawan jini ne ya buge shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Gambo ta tare a can tana jinya, ta manta da komai na duniya. Waken da ta roro yana gida cikin buhuna, ba toka ba magani. Ranar da suka dawo ta kwance buhu ta zura hannu, sai gari da ƙwari. Ta zauna daɓas a ƙasa. Allah ya taimake ta ta riga ta liƙe gorar iri kafin abin ya faru, ita kaɗai ta tsira. Suyar shekarar nan da waken kasuwa ta lallaɓa ta. Da damina ta zo samarin ikilisiya suka yi mata gayya suka shuka dawa, ita kuma ta fasa bakin gora ta shuka waken kaf, ba ta rage ko ƙwaya ba, don tana son ta mai da abin da ƙwari suka ci.

Da farko gidan ba ya rabo da mutane. Zumuntar matan ikilisiya su zo su yi waƙa, dattawa su zo su yi addu'a. Da noma ya kankama kowa ya kama gabansa, kuma ba laifinsu ba ne, ciki ba ya jiran kowa. Barnaba ya rage shi kaɗai a tabarma yana kallon rufin ɗaki. A nan ne Malam Gilbert ya shigo rayuwarsu. Tsohon malamin firamare ne, mutumin kudancin Kaduna, yana zaune a Makarfi da wasu 'yan tsirarun mabiya da ke sujada ranar Asabar. Ya ji labarin wani dattijo na kwance, sai ya hau mashin ɗinsa ya zo gaisuwa, ya kuma ci gaba da zuwa duk mako. Shi zai yi wa Barnaba aski, ya yanke masa farce, ya murza masa mataccen hannun da man zafi, sannan ya buɗe Littafi ya karanta masa. Ban ce mugu ba ne fa. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, da tuni Gambo ta kore shi da muciya.

Koyarwarsa ita ce Allah ba ya sake magana. Dokokin da ya ba Isra'ila ta hannun Annabi Musa suna nan daram, Kiristoci ne kawai suka tsince masu sauƙi suka watsar da sauran. Barnaba ya dinga sauraro da idon mutumin da ya daɗe yana cigiyar abu. Tun ranar da ya faɗi tambaya ɗaya ke cinsa, irin ta gidan ubansa: wa ya karya doka? Jiki dai ba ya shanyewa haka kawai.

Sai Barnaba ya fara da tarwaɗa, ya ce kifin da ba shi da ɓawo haramun ne. Gambo ta ce to, dama tsada yake yi. Ya ce ba a hura wuta a gidansa ranar Asabar, ta koma yin tuwon Asabar tun Juma'a. Ya ce a duba masa rigunansa kada a samu mai gaurayen zare, ta yi dariya ta ce ita ba masaƙiya ba ce, amma ta nemo masa farar riga ta auduga zalla. Duk wannan ta ɗauka, don ta ga yana ɗan walwala, kuma mai jinya ba ya ƙin abin da zai sa majinyaci murmushi.

Ran nan Malam Gilbert na karatu, ya bi ta kan wani wuri da ya hana shuka iri biyu a gona ɗaya. Ko tsayawa bai yi ba, ya wuce abinsa, don shi rabonsa da fartanya tun lambun makaranta. Barnaba ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Malam, maimaita."

Ya maimaita. Barnaba ya tambaya ko akwai wani wurin da ya yi maganar. Malam Gilbert, da jin daɗin ɗalibi mai ƙwazo, ya buɗe masa wani wurin, inda aka nuna amfanin irin wannan gonar ya ƙazantu. Ya rufe Littafi, ya yi addu'a, ya hau mashin ya tafi, bai san abin da ya bari a ɗakin ba.

Da yamma Gambo ta kawo tuwo da miyar kuka, Barnaba ya ture kwanon.

"Uwar Bernice, na gano. Tun ranar da aka kawo ki gidan nan haram muke ci. Dawa da wake a gona ɗaya. Ga abin da ya kwantar da ni."

"Haba Maigida! Wace gona ce a ƙasar nan ba dawa da wake ba? Duk garin nan sun shanye ne?"

"Ni dai nawa na sani. Ba na ƙara sa abin gonar nan a bakina."

Ta ɗauka fushin majinyaci ne, yunwa za ta sauko da shi. Ina! Washegari ya ƙi koko, ya ƙi ƙosai, ya ƙi tuwo. Abin da ke rumbu duk na gonar ne, saboda haka duk ya haramta. Ruwa kawai yake karɓa. Ƙwayoyin asibiti kuwa in ya haɗiya a kan cikin da ba komai, sai ya amayar da su.

Ranar kasuwar Makarfi Gambo ta kife kaskonta ta shiga mota. Ta bi layin 'yan hatsi buhu buhu tana tambaya, wannan dawar ita kaɗai aka shuka a gonarta? Kai, ranar ta sha dariya. Wani ya ce, "Mama, dawa kike so ko tarihinta?" Wani ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji sabon salo. Ita da ba a taɓa mata ta yi shiru, ranar ko uffan ba ta ce ba, sai ta matsa gaba ta sake tambaya. Daga ƙarshe wani dattijo ya dube ta da kyau, ya ga ba wasa take yi ba, ya ce yana da masarar wata babbar gona a Gazara, wadda ba a sa mata komai a tsakani. Ta saya, tana ta sa masa albarka.

Da ta iso gida Barnaba ya ce kafin a kai niƙa a zuba masa a faifai ya gani. Ya sa hannunsa na dama yana tonawa a hankali, ita tana tsaye a kansa. Can sai ya tsaya. Ya ɗago ƙwayar wake guda ɗaya tsakanin yatsunsa. Wa ya san daga ina ta fito? Ko daga mudun mai hatsi, ko daga tsohon buhu. Gambo ta rantse, ta yi kuka, ta ce ai kasuwa ce, komai na haɗuwa da komai. Shi dai ya ajiye ƙwayar a gefen tabarma ya juya fuska bango.

Bernice ta zo daga Kudan da dankali. Uban ya tambaye ta me ke bakin kunyoyin, yarinyar da ba ta iya ƙarya ba ta ce 'yar kuɓewa ce kawai da masara jefi-jefi. Shi ke nan dankali ya tashi. Aka samo nono wajen Fulani, ya ɗan kurɓa kwana biyu, ran Gambo ya fara dawowa. Sai ya tambaya me shanun ke ci in an gama girbi. Kowa ya san amsar, kara da harawa, daga gonaki irin nasu. Nono ma ya tashi. Mutum ya dinga zubewa a gaban idonta, wuyansa ya zama kamar na tulu, idanu suka faɗa, in ta ɗaga shi za ta gyara masa shimfiɗa sai ta ji shi sakayau, mutumin da a da shi kaɗai ke ɗora dami a ka.

Ta ruga wajen Fasto Tanko, faston ikilisiyarsu, matashi ne mai haƙuri. Ya zo ya tsuguna ya gai da Barnaba yadda ake gai da uba, sannan ya shiga magana.

"Baba, wannan gardamar ba yau aka fara ta ba. Tun zamanin manzanni aka yi ta. Suka taru a Urushalima musamman a kanta, suka yanke cewa kada a ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba wannan kayan. Mu Hausawa ne, Baba. Da kiyaye doka na ceton mutum, me zai kai Yesu kan gicciye?"

Muryar Barnaba ta yi ƙasa, amma kansa na nan sarai. "To don me kake hana mu sata da zina? Ba wuri ɗaya aka rubuta su ba? Damin ushiri kuma da muke kai muku duk kaka, shi ba dokar Isra'ila ba ce?"

Fasto ya share gumi. Ya yi bayani, kuma bayani mai kyau, cewa akwai dokokin da suka shafi zuciya da zaman mutum da ɗan'uwansa, waɗannan Ubangiji da kansa ya sake jaddada su. Akwai kuma waɗanda shinge ne aka yi wa al'umma ɗaya don a ware ta na wani lokaci, da Almasihu ya zo aikinsu ya ƙare. Ya ce ciwo ba kullum ne hukunci ba, hawan jini hawan jini ne, yana kama fasto yana kama liman.

Barnaba ya saurare shi har ya gama. "Fasto, ka iya magana. Amma in kai ne ka yi kuskure, tashi za ka yi ka hau mashin ɗinka ka tafi gida. Ni fa?"

Daga nan Gambo ba ta tsaya ko ɗaura ɗankwali da kyau ba, sai Makarfi, gidan Malam Gilbert. Tun daga ƙofa ta fara. Ta ce ya zo ya kwashe abin da ya zuba mata a gida. Ta ce shi yana nan yana cin shinkafa da wake, ko ya taɓa tambayar gonar da suka fito? Ta faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba. Bawan Allah ya tsaya baki buɗe, don wallahi bai sani ba. Ya bar abincin da ke gabansa, ya goya ta a mashin suka taho.

Ya durƙusa gaban tabarma. "Baba, ni ban ce ka daina cin abinci ba. Rai yana gaba da komai. Wannan dokar ma, mai yiwuwa ƙasar Isra'ila kaɗai ta shafa."

Barnaba ya dube shi. "Ashe kai ma zaɓe kake yi, Malam. Da bakinka ka karanta mini. Da bakinka ka ce Allah ba ya sake magana."

Ga Fasto Tanko ma ya dawo, yana bakin ƙofa. Mutum biyu masu Littafi a hannu, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, yau bakinsu ya zo ɗaya, su duka suna roƙon tsoho ya sha kunu, tsoho ya ƙi. Can sai Barnaba ya kira matarsa.

"Abin da ke rumbu cikin rashin sani aka noma shi, Allah zai yafe in ya ga tuba. Amma ga gona can a tsaye da iri biyu, muna sane. A cire ɗaya. Ranar da gonar ta tsarkaka zan ci."

Gambo ta dafe kai. A cire ɗaya! Dawa ta fid da kai, ita ce abincin shekara, in aka sare ta su biyun ne za su mutu. Saura wake. Waken kuwa ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, fure ya fara buɗewa, ko ɗan kwanso guda bai ɗaura ba. Ruwa na shirin ɗaukewa, kuma ko da lokacin shuka bai wuce ba, me za ta shuka? Gora ba komai.

Ta zube a gabansa. "Maigida, ka yi wa Allah ka jira ya ɗaura 'ya'ya. 'Yan makonni ne. In roro ko cikin tafin hannu ne, in samu iri, sannan in tuge shi da kaina."

"In ce wa Allah ya jira wake?"

"Na uwata ne! Ba shi a ko'ina a duniya sai a gonar nan, ka sani!"

"Na sani."

"To damon fa? Ba kai ka ci naman damo ka kwana lafiya ba? Ba kai ka ce an sake ka ba? Wa ya sake ɗaure ka?"

Sai hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya, mai lafiyar. "A wancan ranar, da ƙafafuna biyu na kwanta, Gambo. Tsoro nake ji."

Wannan kalmar ita ta karya ta. Tunda take da shi ba ta taɓa jin ya faɗe ta ba.

Kada ku ce ba ta nemi dabara ba. Ta je ta haƙo 'yan gindi da ƙasarsu ta dasa a bayan ɗaki, ta yi musu rumfa, ta ba su ruwa, kafin la'asar sun yi laushi, washegari sun mutu, dama wake mai fure ba ya dasuwa. Ta bi gidajen matan da suka taɓa roƙonta, ko wata ta taɓa tsintar 'yan ƙwayoyi ta shuka a ɓoye. Kowacce ta ce, "Ke da ba kya bayarwa?" Ta kira 'yan'uwanta a Gubuchi a waya, suka ce rabonsu da shi tun rasuwar Inna. Ta yi niyyar ƙarya ma, ta je gona ta yini ta dawo ta ce an gama, ai ba tashi zai yi ya duba ba. Kamar ya shiga zuciyarta, ya ce a kai shi ya gani da idonsa. A ranar nan kuwa, da ta ba shi ruwa, rabi ya zubo ta gefen baki, ya ɗan sume a hannunta kafin ya farfaɗo. Ta san ba makonni a jikin nan.

Da safe maƙwabcinsu Ashafa ya ɗaura shanunsa a amalanke, aka shimfiɗa katifa aka ɗora Barnaba. Aka tsai da shi a bakin gona inda zai hango kunyoyi. Fasto Tanko ya zo, Malam Gilbert ma ya zo, kowa kansa a ƙasa. Suka naɗe hannun riga za su taya ta, ta daka musu tsawa.

"Kada wanda ya taɓa mini! Ku kun gama naku."

Ta shiga cikin dawa ta duƙa. Raɓa ba ta bushe ba, furen ya buɗe ko'ina, ƙudan zuma na ta kai da kawo. Bana kam da an bar shi da ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ta kama gindin farko ta ja, saiwar ta fito da ƙara, yaɗon ya biyo ta yana tsinkewa daga jikin karan dawa. Ta jefar a kan iyaka ta kama na biyu. Zubaida matar Ashafa, da ke tsinkar kuɓewa a gonarsu, ta yar da kwando ta sheƙo.

"Innalillahi! Gambo, kin haukace ne? Wake da fure?"

Gambo ba ta ɗago ba. Ashafa ya ja matarsa gefe ya raɗa mata, sai ta toshe baki da mayafi ta tsaya tana hawaye. Masu wucewa suka taru a kan hanya. Gambo na tugewa tana kuka, ba kukan ɓoye ba, kuka sosai da majina, tana kiran Inna, tana cewa ki yafe mini. Kunya bayan kunya, har rana ta take, hannuwanta suka yi kore suka farfashe. A ƙarshen gona ta ga wani gindi guda da ya ɓuya bayan suri, wanda daga amalanke ba a hango shi. Ta tsaya a kansa. Ta waiwaya, ta ga kan mijinta ya langaɓe a kafaɗar Fasto, bakinsa a buɗe, idonsa a kanta. In ya tambaye ta ko saura, me za ta ce, kuma in ya gane a fuskarta fa? Ta duƙa ta tuge shi.

A gida ta dama kunu mai ruwa-ruwa. Ta tallafo kansa, ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya shanye ludayi uku. Bernice ta fashe da kuka tana godiya ga Allah. Da ya huta sai ya sa hannun dama ya kamo na hagu, ya ɗaga shi sama, ya rufe ido yana motsa baki, sannan ya saki. Hannun ya faɗo tim a kan tabarma. Ya sake ɗagawa ya saki, ya sake faɗowa.

Barnaba dai ya rayu. Ciki ya buɗe, ƙwayoyi suka zauna, wuya ya fara cikowa, hannu da ƙafa kuwa suna nan yadda suke. Malam Gilbert bai daina zuwa aski ba, amma yanzu Littafin a jaka yake barinsa sai in an tambaya. Fasto Tanko ya yi wa'azi mai zafi a kan alheri da doka, mutane suka ce ya yi daɗi. Dawa ta yi kyau. Gambo ta koma gindin ɗorawa da waken kasuwa, in wani ya ce Mama ƙosan nan ya canza, sai ta miƙa masa ƙunshinsa ta dubi na bayansa.

Wata safiya bayan an yi girbi, aka fito da Barnaba zaure ya sha hantsi. Gambo ta kawo masa koko mai zafi ta ajiye, ta juya za ta tafi. Ya ɗauki ludayi, ya dubi gefen kwanon inda aka saba ajiye ɗan akushi, sai bakinsa ya riga shi.

"Gambo, ina ƙosan?"

Ta tsaya cak. Shi ma ya ji abin da ya faɗa, ludayin ya tsaya a hannunsa. Ta shiga ɗaki ta sauko da gorar daga inda take rataye, ta kawo ta zare tsumman bakin, ta kife ta a gabansa ta girgiza. Toka ta zubo a kan tabarma, 'yar kaɗan. Ta ajiye gorar kusa da hannunsa mai lafiya, ta wuce bayan gida ta zuba wa awaki harawa.